Hecolin: Allurar Rigakafin Ciwon Hanta Nau'in E a Ma'auni

Hecolin ita ce allura ɗaya tilo da ke kasuwa domin rigakafin ciwon hanta nau'in E, cutar da mutanenmu kan haɗa da sauran irinta su kira shawara, wadda ke bin ruwan shan da bahaya ya gurɓata. Kamfanin Xiamen Innovax na ƙasar Sin ne ke haɗa ta, kuma hukumomin can sun amince da ita a 2011 bayan an gwada ta a kan mutum fiye da 100,000 a lardin Jiangsu.

Ta fuskar aiki, allurar ta cancanci yabo. A 2022 ma'aikatar lafiya ta Sudan ta Kudu da ƙungiyar likitoci ta MSF suka yi amfani da ita a sansanin 'yan gudun hijira na Bentiu, karo na farko da aka yi ta a tsakiyar annoba, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa zagaye biyu kaɗai sun ba da kariya mai ƙarfi. Wannan ya fi komai muhimmanci a wurina, domin ƙa'idarta zagaye uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Wanda ya san zaman sansani ya san wuya ne a sake samun mutum a inda aka bar shi bayan wata shida.

Bukatarta a yankinmu ba ɓoyayya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 20 ke kamuwa da cutar a kowace shekara. Mu ma mun gani a Am Timan ta Chadi a 2016, sannan a Diffa da Ngala a 2017, inda rikicin Boko Haram ya cunkushe jama'a wuri guda babu wadataccen ruwa ko makewayi. A Diffa yawancin waɗanda suka rasu masu juna biyu ne, abin da ba ya rasa nasaba da yadda cutar ke kashe kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na matan da ta kwantar a ƙarshen ciki.

A nan ne kuma rauninta yake. Gwajin da aka yi a Bangladesh ya nuna ƙarin ɓari ga matan da aka yi wa dab da ɗaukar ciki, alhali a Bentiu ba a ga hakan ba, saboda haka ra'ayina shi ne kada mai ciki ta karɓe ta sai da shawarar likita, ko a lokacin annoba da haɗarin cutar ya rinjayi komai. Ba a yi wa 'yan ƙasa da shekara 16, sannan tana bukatar firiji, abin da ke da wuya a ƙauyukan gaɓar Tafkin Chadi.

Hukuncina shi ne allura ce mai inganci da ba ta isa hannun masu bukatarta ba, tunda ba ta cikin rigakafin yau da kullum a Najeriya da Nijar. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba amfani da ita idan annoba ta ɓarke, don haka ya kamata ma'aikatun lafiyarmu su shirya hanyar samunta kafin damina ta sake cika sansanoni da ambaliya.