Jakin aiki mai naɗewa da na sa aka haɗa min, bayan wata takwas ina yawo da shi

Ni kafinta ne amma ba mai zaman shago ba, yawancin aikina a gidajen mutane nake yi, yau gyaran ƙofa a Hotoro gobe haɗa kabinet ɗin kicin a Sharaɗa, kuma duk wanda yake irin wannan aikin ya san babbar wahalarmu ba zarto ba ce ba guduma ba ce, inda za ka ɗora katakon ne. Ka je gida ka tarar babu benci, sai ka jera bulo biyu ko ka kifa bokitin fenti, ka durƙusa kana yanka, kafin la'asar bayanka ya riƙe. Shekaru na yi a haka.

To abin da nake magana a kai shi ne ƙafafun nan da ake ɗora katako a kai a yanka, a shagon da na koyi aiki jaki muke ce musu. Na katako kowa ya iya bugawa, matsalarsu ba sa shiga adaidaita sahu sai da rigima da direba. Shi ya sa na je wajen wani dattijo mai walda a ɓangaren Ƙofar Ruwa da zanena a takarda, na ce Baba guda biyu nake so masu naɗewa, waɗanda yarona zai iya ɗauka ɗaya a kowane hannu. Ya daɗe yana kallon takardar sannan ya ce "ɗana, ƙafar nan da ka zana a miƙe za ta kayar maka da kaya, bari in buɗa ta kaɗan." Kuma gaskiyarsa ce, ya buɗa ƙafafun ta ƙasa, ya sa sarƙa a tsakani don kar su wuce inda aka tsayar da su, har yau ban ga ranar da jakin ya yi rawa don na tura katako da ƙarfi ba.

Ƙafafun da sukwaya faif, wato bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai inci ɗaya aka yi su, tsayi santimita 80, saman kuma tsawonsa 90. Tsayin nan sai da muka yi ta gwadawa, na tsaya ya auna daidai inda tafin hannuna ke sauka in na ɗan sunkuya, don in ya yi tsawo ba za ka iya danne katako da gwiwa ba in kana yanka da zarton hannu, in ya yi gajere kuma ka koma gidan jiya. Wanda ya fi ni tsawo ya ƙara, kar ya kwafi nawa kawai.

Abin da ya fi burge ni shi ne saman. Ba ƙarfe ba ne, guntun tu-bai-fo ne, wato katako mai kaurin inci biyu da faɗin inci huɗu, aka ɗaure da sukuru daga ƙasa, kuma sukurun bai kai rabin kaurin katakon ba. Amfaninsa, in kana yanka da injin zarto haƙoran sukan ɗan taɓa abin da ke ƙasa, in ƙarfe suka taɓa ka yi asarar faifan yankan nan take, ga hatsari, amma in katako ne sai dai ya bar ɗan tabo. Nawa yanzu duk ya cika da zane-zane, sau ɗaya na kwance na sa sabo, minti goma bai kai ba, kuma ragowar katakon aiki na sa ban sayi komai ba.

Sai ramuka biyu da na roƙa a yi min a gefe da gefe, daidai yadda tu-bai-fo zai kwanta a ciki a kan gefensa. Wannan ne ya mayar da abin daga jaki zuwa cikakken teburi. Filawud, wato faffaɗan allon katako, ƙafa 4 ne a faɗi ƙafa 8 a tsawo, in ka ɗora shi a kan jaki biyu kawai tsakiyarsa lanƙwasa yake yi, kana cikin yanka sai ya matse faifan injin, injin ya zabura ya dawo kanka, wanda abin ya taɓa faruwa da shi ba sai an yi masa bayani ba. Yanzu sai in zura tu-bai-fo biyu masu ƙafa 8 a ramukan, in shimfiɗa allon a kai, in saita faifan ya wuce kaurin allon da kamar milimita 3, in yi yankana hankali kwance. Akwai wani aikin jeren amarya da na yi, allo mai milimita 18 har guda bakwai, a tsakar gida na kafa, ni da yaro ɗaya muka gama yanka kafin azahar, Hajiyar gidan ta leƙo ta ce "Malam yau ba za a ari bencina ba kenan", na ce Hajiya an hutar da shi. A kan teburin dai muka haɗa durowa, muka goga sanfefa, muka kwantar da ƙofofi muka shafa fenti.

Yanzu inda bai yi min ba. Na farko nauyi. Na ce yaro ya ɗauki ɗaya a kowane hannu, yana ɗauka ɗin amma in gidan bene ne hawa biyu sai ya huta a hanya, kuma laifin nawa ne da na Baba duka, ni na nace a sa faif mai kauri shi kuma ya ƙara ƙarfen gicciye har biyu inda ɗaya ya isa. Na biyu hinjin da ya sa, irin na ƙofar gida ne marar kauri, bayan wata uku guda ɗaya ya fara sakin jiki, na mayar masa ya cire ya sa bol da noti a madadinsa kuma bai karɓi ko sisi ba, wannan kam na yaba masa, amma da tun farko aka yi haka da ban rasa yinin aiki ba. Fentin ma shafa ɗaya aka yi babu jan fentin hana tsatsa a ƙasa, damina na shigowa ƙafafun suka fara ja, dole na goge na sake da kaina.

Wanda ya fi damuna shi ne ƙasa marar daidai. Abu mai ƙafa huɗu in dai ƙasa ba a shafe take ba sai ƙafa ɗaya ta rataya, kuma gidajen da ake kan ginawa ina ka ga shafaffen waje, tsakuwa ce da ɓaraguzan bulo. Watanni ina cusa guntun katako a ƙarƙashi. Daga baya muka yi walda ɗin noti a gindin ƙafa ɗaya ta kowane jaki muka ɗaura dogon bol, kana murzawa yana sauka har ya taɓa ƙasa, shi kenan magana ta ƙare. Duk mai shirin sawa a yi masa, ya faɗi wannan tun ranar farko, kuma ya sa a toshe gindin faif ɗin da roba saboda tayil ɗin mutane, ƙarfe tsirara yana karce shi kuma kai za a riƙe.

Hawa kai kuwa ban yarda ba, ko ni ko yarona. Na ga masu aikin silin suna ɗora katako a kan irinsa su hau, nawa dai don ɗaukar katako aka yi shi, sarƙar nan da bol ɗin ba na jingina ran mutum a kansu, tsani yana nan.

In ya naɗe kaurinsa bai fi tafin hannu ba, biyun suna kwanciya a ƙasan kujerar adaidaita tare da akwatin kayan aiki, tu-bai-fo ɗin kuma a ɗaure a sama. Kuɗin da na kashe aiki biyu suka mayar min da shi. Yanzu haka na koma wajen Baba da sabon zane, guda biyu gajeru masu santimita 45 don haɗa wadirob a tsaye, faif marar nauyi, bol tun daga farko, ya ce in dawo ranar Asabar.