Kafin ka ɗora wa ƙaramin jirgin kamun kifinka inji mai nauyi, duba allon baya tukuna

Yawancin masu son canza inji abin da suke fara tambaya shi ne hos nawa, wato ma'aunin ƙarfin inji, 25 ko 40 ko 60, amma gaskiya ni abin da nake so a fara tambaya shi ne kilo nawa injin yake, kuma allon bayan jirgin nan da za a rataya shi a kai zai iya ɗauka ko ba zai iya ba. Domin injin da ya fi ƙarfin allo ba gudu zai ƙara maka ba, ruwa zai riƙa shigo maka ta baya duk lokacin da ka rage wuta, kuma ran da allon ya tsage kana tsakiyar ruwa to abin ya wuce batun asarar kuɗi.

Injunan iri biyu ne. Akwai tu-sturok, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, ga shi ba nauyi, ga saurin tashi, kowane bakanike ya san cikinsa, sai dai shan mai da hayaƙi da ƙara. Sai fo-sturok, baya shan mai sosai, ba hayaniya, yana jure tafiya a hankali wacce mai jan raga ko ƙugiya yake buƙata, amma fa yana da nauyi. Misali Yamaha Enduro mai hos 40 kilo 70 ne da ɗan ɗoriya, shi kuwa fo-sturok ɗin Yamaha mai hos 40 yana kusa da kilo 100. Kaga hos ɗaya ne amma bambancin ya haura kilo 20, kuma duk a can ƙarshen jirgi zai zauna, wurin da ya fi ko'ina illa. Da akwai Evinrude E-TEC da ya ɗan haɗa amfanin biyun, amma an daina ƙera shi tun 2020, in ka samu na hannu ka yi tunanin kayan gyara kafin ka saya.

Jirgin da kamfani ya ƙera yawanci yana da ɗan ƙarfe da aka manna kusa da baya, an rubuta iyakar hos da iyakar nauyin da zai ɗauka. Kar ka wuce wannan lambar, don Allah. Amma ka sani jirage da yawa tsofaffi an yi musu lissafin nan ne lokacin da tu-sturok ke tashe, sabida haka ko hos ɗin bai wuce ba nauyin zai iya wucewa.

Gwajin da nake ba kowa shawara mai sauƙi ne kuma kafin ka biya ko sisi ake yinsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, to ka cika jarka daidai bambancin nauyin tsohon injin da sabon, ka ɗaure ta a jikin allon baya tsohon injin yana wurinsa, ka zauna inda ka saba zama, ka sa batir da tankin mai cike, sannan wani ya tsaya a gefe ya duba maka. In ramukan fitar da ruwa sun nutse, ko saman allon ya matso kusa da ruwa sosai, jirgin ya gaya maka amsarsa kenan. Wani lokaci matsar da batir da tanki zuwa gaba yana gyara abin, wani lokaci kuma baya isa.

Sai lafiyar allon kansa. Jirgin faiba yawanci filawud ne a tsakiyar allon, an rufe shi da faiba ciki da waje, ruwa yana bi ta ramin kusoshi ya shiga ya ruɓar da shi a ɓoye, daga waje sumul kamar ba komai. Ka ɗaga injin sama, ka kama ƙafarsa ka danna da ƙarfi, in allon yana lanƙwasawa ko ka ga tsaga a kusurwoyi to akwai matsala. Ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, wurin da yake lafiya yana ƙara tsaf, ruɓaɓɓe kuma sautinsa a mace yake. In ka kwance kusa ɗaya ruwa mai launin ƙasa ya biyo, shikenan, sai an canza.

Anan ne mutane ke rabuwa. Wasu suna manna farantin alminiyam ciki da waje su ɗaure da kusoshi. In allon lafiyayye ne wannan dabara ce mai kyau, tana raba nauyin. In kuwa ya ruɓe, wallahi rufe ciwo ne kawai, kusoshin za su matse katakon da ya riga ya mutu su saki. Hanya ta gaskiya ita ce a yanke faiban ciki, a kwashe ruɓaɓɓen, a sa filawud na ruwa falle biyu da gam ɗin ifoksi, ko allon roba irin su Coosa da baya ruɓewa, a sake shafe faiba har ya kama gefuna da ƙasan jirgin, a ƙara masa tokare daga allon zuwa ƙasa. Aiki ne mai cin lokaci amma shi ne yake riƙe inji.

Tsawon ƙafar inji ma sai ka kula: gajere inci 15, dogo inci 20, akwai kuma 25. Farantin da ke saman farfela ya kamata ya zo daidai da ƙasan jirgin. In ya yi sama farfela na shaƙar iska, in ya yi ƙasa yana jan ruwa yana cin mai a banza. Mai allo inci 15 yana da zaɓi, ko ya nemi gajeren inji ya bar allon yadda yake, ko ya ɗaga allon zuwa 20 ya sayi dogo. Ni in dai dama za a buɗe allon, ɗagawar nake zaɓa, inci biyar ɗin nan su ne ke tare igiyar ruwa daga baya, kuma kan injin ya yi nisa da ruwa. Akwai kuma ƙarfen ɗagawa da ake ɗaurawa a baya, yana sauƙaƙa saita tsawo, amma yana tura injin baya da wasu inci, wato yana ƙara wa allon wahala, don haka a ƙaramin jirgi bana son shi sai allon ya tabbata garau.

Wajen ɗaurawa kar ka dogara da maƙullan hannu kaɗai, a huda a sa kusoshin da basa tsatsa da manyan washa, a cika kowane rami da gam mai hana ruwa. Bayan nan ka fita da kayan da ka saba ɗauka, ka buɗe wuta duka ka ga ko juyin injin ya kai abin da littafinsa ya ce, in bai kai ba a canza farfela zuwa wacce karkatar fuka-fukanta ta fi ƙanƙanta, in ya wuce a sa wacce karkatarta ta fi yawa.