Kulle gari ko bin sawun cuta?

Idan annoba ta shigo, hukuma kan zaɓi ɗaya cikin biyu: ta kulle gari baki ɗaya, ko ta bi sawun waɗanda suka yi cuɗanya da mara lafiya.

Bin sawu ne ya ceci Najeriya a 2014. Da Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da Ebola, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, kuma a kan haka ta rasa ranta. Ma'aikatan lafiya suka riƙa bin kusan mutum 900 gida-gida, suna auna zafin jikinsu har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kasuwa kuwa ba ta daina ci ba.

Korona ba ta ba da wannan dama ba, domin tana yaɗuwa tun kafin mai ita ya fara tari. Shi ya sa aka kulle Kano a Afrilun 2020, har cikin azumi. Na fahimci dalilin, amma zuciyata tana wajen ɗan dako da mai ga-ruwa, waɗanda sai sun fita ake ɗora tukunya a gidajensu.