Hattara da masu buga tambarin rejimanti na bogi a kan bindigar Luger

Masu tara tsofaffin ƙananan bindigogin sojan Jamus, musamman mazauna Amurka da Turai, a yi hattara. Akwai 'yan damfara a shafukan gwanjo na intanet da ke sayen Luger P08 gama-gari da araha, su buga mata tambarin wata shahararriyar rejimanti, su sayar da tsada. Ƙarfen na gaske ne, tarihin ne na ƙarya.

Sojan ƙasa na Jamus sun karɓi P08 a 1908, kamfanin DWM da maƙerar gwamnati ta Erfurt ne suka ƙera ta har zuwa 1918. Tambarin rejimanti kuwa ba a masana'anta ake buga shi ba. Mai kula da makaman runduna ne ke bugawa da hannu, harafi bayan harafi, a gaban mariƙin. Idan ka ga 24.R.7.15., ana nufin rejimanti ta 24 ta sojan ƙasa, kamfani na 7, makami na 15, kuma lambar makamin ta fi sauran ƙanƙanta. U na mahaya masu mashi ne, H na Husar, D na Dragon (su ma nau'o'in sojan doki ne), M.G. na masu bindiga mai sarrafa kanta.

A lissafi ake fara kama su. Rejimantin sojan ƙasa kafin yaƙi bataliya 3 gare ta, kamfani 12, sai na masu bindiga mai sarrafa kanta. Ta sojan doki ba ta wuce rukuni 5 a lokacin zaman lafiya. Lambar rejimantin Husar ba ta wuce 20 ba a 1914, don haka wanda ya nuna maka 27.H. ya tona asirin kansa. A kuma gwada tambarin da shekarar ƙira da ke saman bindigar, a gindin bututu: bindigar 1917 ba za ta ɗauki sunan rundunar da aka rushe kafin nan ba, balle tambarin zamanin Kaisa, wato sarkin Jamus kafin ƙarshen 1918, a kan ƙirar kamfanin Mauser, wanda bai fara yin P08 ba sai 1930.

Sai ƙarfen kansa, kuma nan ne aikin yake. A sa madubin ƙara girma mai ninki 10, a haska fitila ta gefe. Tambarin gaske an buga shi ne bayan an gama rinin ƙarfen, shi ya sa bakin kowane harafi ke ɗan tashi, rinin da ke kewaye ya yi haske-haske. Shekara 100 na gumin hannu sun side wannan bakin daidai da yadda suka side sauran mariƙin, cikin ramin kuma ya yi duhu da tsohuwar tsatsa. Sabon bugu bakinsa da kaifi, har farce na kamawa, cikinsa fari ƙal, ko an shafa masa rinin kwalba mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Idan harafi ya ratsa ramin tsatsa ya danne shi, to tsatsar ta riga tambarin zuwa. Layi miƙaƙƙe sumul mai zurfi iri ɗaya aikin inji ne. Na hannu ba ya rasa ɗan karkata.

Tsohon tambarin da aka soke da alamar X aka buga wani kusa da shi ba aibi ba ne, haka ake yi idan makami ya sauya runduna. Abin tsoro shi ne mariƙin da aka goge ya yi siriri aka sake rina shi. Lambobi biyu na ƙarshen lambar bindiga su dace a kan ƙananan sassa. Kunama da makullin tsaro na zamanin Kaisa launin karan alkama gare su, ba baƙi ba.

Wasu ma ba su da bindigar sam, hotunan tsohon gwanjo suke sata. A nemi sabon hoto da takarda mai ɗauke da kwanan wata a gefenta, da kwana 3 na dubawa da damar mayarwa a rubuce. Kada a biya ta katin kyauta, kuɗin kirifto ko hanyar tura wa 'yan uwa kuɗi, don ba a dawo da su. Wanda ya ce zai aiko maka har ƙofar gida ba takarda, rabu da shi: a dokar Amurka sai abin da aka ƙera kafin 1899 ake ɗauka kayan tarihi, P08 kuwa bindiga ce cikakkiya, sai ta bi ta hannun mai lasisi.