Wasiƙa daga bakin Nilu

Yaya, bayan gaisuwa da fatan an yi girbi lafiya. Ka tambaye ni yadda kaya da hidima suke a Alƙahira, to ga labarin yawon da muka yi ranar Juma'a.

Da hantsi muka shiga lambun Al-Azhar. Wallahi in ba a faɗa maka ba, ba ka cewa juji ne a da. Shekara wajen 500 ana jibga shara a wurin, sai a 2005 aka buɗe shi ya zama lambu. Garin kwashe jujin ne ma aka tono ganuwar zamanin Salahuddin, mai tsawon kilomita ɗaya da rabi, aka gyara ta. Na daɗe ina shafa duwatsunta, zuciyata na kan ganuwar Haɗeja da damina ke ci kowace shekara. Ana biyan kuɗin shiga, amma kana ganin inda kuɗin ya tafi: ciyawa kore shar, famfo na zuba, banɗaki tsaf.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rake. Mu sai mu fere, mu tsotse, mu tofar da tuka. Su kuwa mai shago zai zura sanda biyu ko uku cikin inji, ruwan ya gangaro ta rariya da kumfarsa, ya miƙo maka a kofin gilashi da sanyinsa. Nan take ake sha, don in ya jima sai ya yi duhu. Mutane layi-layi, Yaya! Sai na tuna raken fadamarmu da ke bushewa a kasuwa ranar da ba ciniki.

Da la'asar muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ke aiki tun 1987, har da taragon mata zalla, muka sauka bakin Nilu. Akwai kwale-kwale mai ƙyalle da iska ke turawa, suna ce masa faluka. Kogi a buɗe, ba ciyawar kachala ko ɗaya. Sai dai mai jirgin na jin harshena ya ninka kuɗi, haka ma a wuraren tarihi tikitin baƙo daban ne. Abin ya sosa mini rai, domin ɗan fito a gida ba ya tambayar garinku kafin ya tsallakar da kai.

Burodi da wake kam da araha, amma miya sai gida. Ka ce wa Inna ta ajiye mini kuka da daddawa. Ka kuma tambayar mini Baffa nawa damin rake yake bana, ni zan binciko kuɗin injin nan.