Hattara da mai tallan tiyon intakula a Facebook

Assalamu alaikum 'yan'uwa direbobin manyan motoci, da masu motocin, da makanikai.

Akwai wani da yake yawo a zaurukan direbobi na Facebook da WhatsApp yana tallan tiyon intakula (na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ke hura wa inji) da kilif ɗin ɗaure shi, wai kayan kamfani ne daga Turai, na DAF da MAN da Howo duk akwai. Ba zan kama suna ba, don dama sunan ba nasa ba ne, yau wannan gobe wancan, lambar waya ma haka. Salon dai ɗaya ne: hoton tiyo shuɗi mai ƙyalli, farashi bai kai rabin na kasuwa ba, sannan ya ce maka, "Alhaji saura saiti biyu, a turo kuɗi in sa a mota yau." Sunan da ke kan asusun bankin kuma daban da wanda ya gaya maka.

Ni kam ya ci ni. Arahar ce ta ja ni, ba zan ɓoye ba. Kaya suka iso, aka ɗaura wa DAF ɗina, ta yi tafiya biyu ba lodi lafiya lau. A ta uku ta ɗauko taki, tana tsakiyar Hawan Kibo za ta shiga Jos, sai direba ya ji ƙara kamar taya ta fashe. Nan take mota ta saki jiki, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ya taka totur babu amsa. Duk wanda ya san wannan hawan ya san ba wurin da ake so tirela mai lodi ta rasa ƙarfi ba ne. Allah ne ya tsare, yaron mota ya yi sauri ya sa weji.

Da motar ta dawo gareji, bakanikena ya sa wuƙa ya yanka tiyon a gabana. Ashe baƙar roba ce irin ta lagireto, aka yi mata fenti shuɗi, zare layi ɗaya tal a ciki. Ya ce, "Alhaji, wannan ai na ruwa ne." Tiyon intakula na gaskiya yawanci da silikon ake yin sa, idan ka dubi bakinsa za ka ga zare jere-jere, sau da yawa layi huɗu ko biyar, kuma launinsa ba ya kankaruwa da farce. Dalili kuwa, iskar da turbo ke hurowa idan mota ta ɗau lodi tana iya haura digiri 150 na zafi, ƙarfinta kuma ya kai wajen bar 2 a ma'aunin iska, kwatankwacin iskar tayar ƙaramar mota. Ga kuma tururin baƙin mai da ke bin bututun. Robar lagireto ba ta shiri da mai, tana sha sai ta kumbura ta yi laushi, daga nan sai ta zame ko ta tsage.

Kilif ɗin da ya aiko ma abin takaici ne. Irin na sukudireba ne, wanda ake ɗaure tiyon famfo da shi. Na wannan aikin mai faɗi ne, da noti ake ɗaure shi, yawanci da sifirin a jiki. Amfanin sifirin shi ne tiyo yana buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, shi kuma yana bin sa yana riƙe. Na sukudireba kuwa kana matsa shi sosai haƙoransa su kwance, ko ya yanki robar.

Na kira mutumin. Ya ce laifin bakanike ne, bai iya ɗauri ba, amma yana da wani gam na musamman da ake shafawa tiyo ya kama har abada, in ƙara kuɗi ya aiko. Wato zai sake cin na biyu. Kada wanda ya yarda da zancen gam ɗin nan. Ba a shafa komai a wurin, kuma duk ɓarɓashin da ya ɓalle cikin inji zai wuce. Da na ce ya dawo min da kuɗina, sai layi ya daina shiga.

Don adalci, ba duk tiyon da ya fita ne jabu ba. Ko na kamfani ne, in aka ɗaura shi kan mai zai zame. A goge bakin bututun da cikin tiyon su bushe ƙarau, a tura shi ya wuce tudun nan na bakin bututu, kilif ya zauna a bayan tudun, ba a kansa ba. Bayan tafiyar farko a sake taɓa notin. In kuma kana jin fito lokacin hawa, ko ka ga motar ta ƙara shan gas tana hayaƙi, to iska na yoyo, a duba kafin turbo ya wahala.

Wanda zai saya, ya je shago da bakanikensa, ya juya bakin tiyon ya ƙirga zaren, ya sa farce ya kankari launin. Yankakken nawa yana nan rataye a garejinmu, duk mai son gani ya zo ya gani. Jiya ma wani direban tifa ya nuna min hoton tiyon nan dai a wayarsa, da sabon suna a ƙasa.