Gidan kallon bal ɗin nan na hanyar Dutsin-ma, wata uku ina zuwa ga abin da na gani

Jama'a da yawa sun tambaye ni wai me ya sa na bar gidan kallon unguwarmu nake ƙona mai har hanyar Dutsin-ma a nan Katsina don kallon bal, to bari in yi bayani gaba ɗaya kowa ya huta. Gidan kallo ne na wani dattijo da ɗalibai ke ce ma Baba Koci, don ya daɗe yana gem masta a wata makarantar kwana kafin ya yi ritaya, wajen ba shi da ko allon suna, rumfar kwano ce dai da bulo ya kai ƙirji, amma duk ɗan acaɓa ko mai Napep da ke ɗaukar 'yan poli da 'yan FCE da 'yan jami'ar Umaru Musa ya san wurin.

Ƙanena ne ya fara kai ni. Ranar wasan Firimiya muka je kallo, na biya naira 200 ɗina na shiga, talabijin uku ne a gaba, babba ɗaya a tsakiya ƙanana biyu a gefe, hoto tas ba ya yankewa, sauti ma ba laifi. Har nan dai duk ɗaya ne da ko ina. Abin da ya tsayar da ni bangon hagu ne. Wallahi tun daga ƙofa har ƙurya hotuna ne a firam, ba na Messi ko Ronaldo ba, hotunan tim-tim na makarantu ne na da, wasu baƙi da fari har sun fara yin ja, yara sun jeru layi biyu na gaba sun durƙusa gola ya rungume bal, wasu da kambas wasu ƙafa a ƙasa, gem masta a gefe da usur a wuya. A ƙarƙashin kowane an rubuta shekara da biro da sunan makaranta. Ana hutun rabin lokaci na tashi ina dubawa sai ga dattijon ya zo ya tsaya bayana ya ce ɗana ka san wani a ciki ne? Na ce a'a Baba ina dai kallo. Sai ya ɗora yatsa ya fara bi ɗaya bayan ɗaya, wannan lamba tara ne da hagu yake bugu ba gola da ke son ganin shi, wannan yanzu yana kwastan, wannan Allah ya yi mashi rasuwa bara waccan, wannan da ya samu wanda ya riƙe shi da har waje sai ya buga amma mahaifin shi ya ce sai dai kasuwa. Bai duba takarda ba ko sau ɗaya. Aka dawo daga hutu ban ma koma benci ba.

Akwai ranar da ba zan manta ba, wani yaro ɗan aji ɗaya ya shigo da abokan shi, yana cikin duba bangon sai ya tsaya cak ya ce Baba wannan na biyu daga dama ai mahaifina ne. Baba Koci ya cire tabarau ya kalli yaron ya kalli hoton, ya ce ikon Allah, kai ɗan wane ne? Wajen ya yi tsit. Ashe mahaifin ya rasu tun yaron yana firamare, kuma bai taɓa ganin shi da kayan bal ba, bai ma san ya yi ba. Dattijon ya sauke firam ɗin da hannun shi ya goge ƙura da bakin riga ya ba shi ya ɗauka a waya, ya zaunar da shi kusa da shi yana ba shi labarin wani fainal da uban ya ci da ka ana saura minti kaɗan a tashi. Yaron yana dariya yana share hawaye. Daga ranar an daina karɓar kuɗin shi a ƙofa.

Sai kuma allon alli da ke bakin ƙofa. Sama yana rubuta wasannin Turai kamar kowa, amma ƙasa ya ja layi ya ware ma wasannin makarantu, inta-difatmen, wasan sada zumunci tsakanin makarantun gari, har inta-haus na sakandare in an gaya mashi. Irin waɗannan ai ba a nuna su a dish, to abin da suke yi shi ne in tim ɗin wata makaranta ta yi tafiya sai a kira wani da ya bi su a sa waya a sifika a ɗora bisa tebur, shi yana can bakin fili yana ba da labari mu muna nan mun zagaye waya kamar zamanin rediyo, in netwok ya ɗauke a yi ta salati ana sake kira. Daga bakin Baba Koci na fara jin tarihin NUGA, wato wasannin jami'o'in Najeriya da aka fara a Ibadan a 1966, da NIPOGA ta 'yan poli da NICEGA ta kwalejojin ilimi. Kullum ƙorafin shi ɗaya ne, wai filayen da suka yi wasa a kai duk an yanka an gina shaguna da azuzuwa, yaro ya gama sakandare bai taɓa sa jesin makarantar shi ba. Ni ma na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don makarantar da na yi ko raga babu a turakun.

Daren Laraba in ba wasan zakarun Turai shi ne daren tsofaffin wasanni, kuma kyauta ne, shayi kawai za ka saya wurin mai shayin ƙofa in kana so. Na kalli Najeriya da Brazil na gasar Olamfik ta Atlanta 1996 a wurin, ana cin mu 3 da 1 Ikpeba ya rage, Kanu ya farke a minti na 90 sannan ya ƙara ta zinare aka tashi 4 da 3, yaran da ko haihuwar su ba a yi ba lokacin suka tashi suna ihu suna dukan kwano kamar yau ake bugawa. Wani satin aka sa namu da Bulgeriya na kofin duniya na 1994 inda Rashidi Yekini ya shiga raga ya riƙe ta yana kuka, Allah ya ji ƙan shi. Daga nan musu ke ɓarkewa, su wa suka fi tsakanin Westerhof da ya ciyo kofin Afirka a Tunisiya da Bonfrere da ya ciyo zinaren Atlanta. Baba Koci shi Keshi yake so, hujjar shi ita ce ya ɗaga kofin yana kyaftin a 1994 ya sake ɗaga shi yana koci a 2013, kuma da yaran gida irin su Sunday Mba da ya ci Burkina Faso a fainal. In aka zo kan Tijjani Babangida da Garba Lawal kuwa sai dai mai shayi ya ce zai rufe. Ni dai ra'ayina Garba Lawal ba a ba shi haƙƙin shi ba, mutum ne da duk inda koci ya ajiye shi zai yi aiki ba surutu.

Ranar da Katsina United ke gida Baba Koci rufe wajen yake yi, ya ce ba zai riƙe yara gaban talabijin ba alhali ana bal a Karkanda, ko filin Muhammadu Dikko kamar yadda ake kiran shi yanzu, tare ake ɗunguma a tafi. Yana da hoton su tun suna Spotlight. Ya ba ni labarin irin zaman makokin da aka yi a rumfar a 2022 da suka faɗa ƙaramin rukuni tare da Kano Pillars, da murnar 2023 da suka dawo.

To amma fa wajen yana da matsaloli kuma sai na faɗa. Zafi. Kwano ne ba silin, fanka huɗu ce ɗaya ta mutu tun zuwana na farko har yau ba a gyara ba, wasan ƙarfe uku na rana a watan Afrilu sai ka fito riga sharkaf. Bencinan ba majingina kuma an matse su sosai, mai tsawo gwiwar shi na bayan na gaba. Janareta ɗaya ne, in nepa ta ɗauke sai an ɗauki kusan minti biyar kafin ya tashi dikoda ta dawo, akwai ranar da aka ba da fenariti wuta ta tafi muka dawo an riga an buga, ranar har wani ya nemi a mayar mashi da kuɗin shi kuma aka ba shi ba gardama. Na ce ma Baba ko ƙaramar sola ce a sa ma talabijin ɗin tsakiya, ya ce ɗana yana cikin lissafi, kuɗin dish ne ke cinye komai. Ban ɗaki ma gaskiya yana son gyara. Wurin ajiye babur akwai mai gadi naira 50, ban taɓa jin an ɗauki na wani ba.

Abin da na yaba kuma, ba a shan taba a ciki, ba caca, wanda ya zagi uwar wani waje zai yi ko wane kulob yake so, na ga an fitar da wani ƙato a gabana a kan haka. Ana kiran magariba ake rage sauti, ga butoci da tabarmi a waje.

In kallon Firimiya kawai kake so cikin sanyi da kujera mai laushi akwai wuraren da suka fi shi a cikin gari, ka tafi can. In kuwa ka taɓa buga ma makarantarku ko kana da tsohon hoton tim a akwatin gida, ka zo da shi daren Laraba, yana karɓa ya wanke kwafi ya mayar maka da naka. Ni na samo na yayan babana na kai mashi satin da ya wuce, ya ce firam ne ya rage, a jikin ƙofa ta dama za a rataye shi.